Idon Habu na Hagu

Ranar wata Asabar ce, cikin daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ruwa ya ɗauke bayan la'asar, kwatar da ta ratsa ƙofar gidanmu a Agege ta cika ta tumbatsa, tana jan ledoji da ɓawon lemo. Baba ya dawo daga abbatuwa, wato mayanka, da baƙar ledarsa kamar kullum, Inna ta soya hantar da ke ciki da albasa da attaruhu, ta juye a kwano ta ce in kai wa maza a baranda. Na ajiye kwanon a kan benci don in gyara ɗankwalina. Kafin in juyo, ƙanena Habu, wanda bai fi shekara biyu da 'yan watanni ba, ya dafa bencin ya miƙe, ya zura hannu ya ɗauko yanka ɗaya. Ban yi wata-wata ba na doke hannun. Hantar ta faɗi cikin taɓo, kazar maƙwabta ta wawure ta gudu. Habu bai yi kukan kirki ba, don ba shi da ƙarfinsa, sai dai ya zauna daɓas yana bin kazar da kallo. Hajiya, kakarmu ta wajen uba, tana kan tabarma tana ganin komai. Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, Rakiya. Haka ake son babbar yaya." Ni kuwa na ɗauki kwanon na wuce ina taƙama, kamar wadda ta yi abin arziki.

Mu mahauta ne kaka da kakanni. Kakanmu ya biyo shanu daga Arewa a jirgin ƙasa, ya sauka a Agege bai ƙara komawa ba, mu kuma a nan aka haife mu, Yarbanci a bakinmu kamar Hausa. Gidan da muke haya irin mai ɗakuna fuska da fuska ne, doguwar hanya a tsakiya, kicin ɗaya, famfo ɗaya wanda sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ɗakuna uku namu ne: na Inna, na Hajiya, da na samari inda ƙannen Baba suke kwana. Baba yana fita bayan sallar asuba da wuƙaƙensa a naɗe cikin buhu, ya dawo da kasonsa na kayan ciki, yau hanta da ƙoda, gobe tumbi da huhu, wata rana har da ƙashin miya mai ɓargo. Wani ƙanin Inna kuma yana sauke kaya a kasuwar Mile 12, duk mako sai ya aiko mana da tumatir da karas da alayyahu waɗanda suka kwana ba a saya ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta labarin nan ya girgiza kai ya ce talauci ne. Ba talauci ba ne. A gidanmu tukunya ba ta taɓa hawa wuta babu nama ba.

Sai dai naman yana da masu shi. Hanta da ƙoda na maza ne, tsoka ta Hajiya ce da baƙi, Inna ta samu abin da ya maƙale a gindin tukunya, mu yara kuma romo ne namu, shi ma sai an tsame duk wani abin da za a iya taunawa. Dokar Hajiya ce, ita ma a gidan ubanta ta same ta. Cewa take yi ɗan mahauci in ya san daɗin nama tun yana ƙarami, ranar da aka tsayar da shi a gaban tebur jarin zai cinye. Ƙwai kuwa ba a ma maganarsa, don yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Mun taso muna jin wannan kamar karatun allo, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Mu manya mun tsira ne don muna da ƙafa: a makaranta mu sayi gyaɗa da mangwaro, a ɗakin maƙwabta mu lashi miyar wake, a hanya mu tsinci abin da muka tsinta. Habu ba shi da inda zai je.

An yaye shi ne ba shiri. Inna ta samu ciki yana da shekara ɗaya da rabi, Hajiya ta ce nonon mai ciki guba ne ga yaro, aka ɗauke shi rana ɗaya aka mayar da shi ɗakinta. Bai yi sati biyu ba zawo ya kama shi. Hajiya ta buɗe bakinsa ta shafa dasashi da yatsa, ta ce haƙori ne, kowane yaro da haka yake fitar da haƙori. Daga nan ta kafa wata dokar a kan ta farko: mai zawo ba a ba shi mai, ba a ba shi ganye, ba a ba shi wake, ba a ba shi 'ya'yan itace, duk suna ƙara tsinka ciki. Farin koko kawai, a tace shi sosai, a dama shi ruwa-ruwa. Da safe koko, da rana koko, da yamma koko. In zawon ya lafa kwana huɗu ko biyar sai a ce ga shi nan, kokon ya yi aiki. In ya dawo sai a ce wani ya ba shi wani abu a ɓoye, a ƙara tsanantawa. Haƙoran Habu suka gama fitowa tsaf, zawon bai san an gama ba.

Ni aka ɗora wa tsaronsa. In na dawo daga firamare, kafin lokacin Islamiyya, ni ce mai wanke tsummokaransa a bayan gida, ni ce mai shanya su a igiya, ni ce mai goya shi in je kai markaɗe. Goyonsa ba ya gajiyar da ni ko kaɗan, kuma a lokacin har daɗin hakan nake ji. Ina iya yin 'yar gala-gala da shi a bayana, in yi tsalle in dire ban ji nauyin komai ba, ƙawayena suna cewa na iya goyo. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, gefen bakinsa ya tsage, cikinsa ya fito gaba, ƙafafunsa kamar sillen kara. In na sauke shi muna 'yar carafke a bakin layin dogo, sai in juyo in gan shi yana kankarar ƙasa yana kaiwa baki. In buge hannun, in kakkaɓe masa harshe, in koma wasana. Duk abin da ya miƙa hannu zai ɗauka, aikina shi ne in ƙwace. Na ƙwace ayaba, na ƙwace ƙosai, na ƙwace kan kifi. Ban taɓa yin aiki da himma irin wannan ba, kuma babu aikin da nake jin kunyarsa yau kamar shi.

Mutum ɗaya ce a gidan ta buɗe baki. Iya Tawa, Bayarabiyar da ɗakinta yake kallon namu, mai sayar da dafaffiyar shinkafa a bakin titi. Wata rana ta dama miyar lalo, wadda su suke kira ewedu, ta marmasa kifi a ciki da ɗan manja, ta zaunar da Habu a cinyarta tana ba shi da yatsa. Yana karɓa hannu baka hannu ƙwarya. Ni ce na gani, ni ce na ruga na kai rahoto. Hajiya ta fito ta fizge shi, ta wanke Iya Tawa tas, da Hausa da Yarbancinta mai karkacewa, ta ce ba a haifi jikanta don a ɗura masa yauƙin Yarbawa ba, su da suke cin barkono kamar tuwo me suka sani game da cikin yaro. Iya Tawa ba ta rama ba. Ta dai dubi Inna, wadda take tsaye a ƙofar ɗaki da tsohon ciki, ta ce mata yaron nan ba ciwo ne kaɗai yake cinsa ba, yunwa ce. Inna ta sunkuyar da kai ta koma ciki. Wata biyu Hajiya ba ta amsa gaisuwar matar nan ba.

Baba fa? Wannan ita ce tambayar da na fi shekara ashirin ina yi. Mutum ne da zai dubi sa daga nesa ya gaya maka ko yana da lafiya. Yana duba ido, ya duba gashi, ya duba kashin da dabba ta yi, ya ce wannan ba ta samu kiwo ba. In an farka ciki ya ga hanta ta yi fari ko ta yi tabo, ba ya bari ta hau teburinsa. Amma ɗansa yana wucewa ta gabansa kullum, ƙashi da rai, bai ga komai ba. Abin da ya iya shi ne ya tsaya a kemis a hanyarsa ta dawowa ya sayo kafso mai ja da rawaya, a fasa a zuba garin a cikin koko. In Inna ta yi ƙarfin hali ta ce ko za a kai shi asibiti, sai ya ce ta tambayi Hajiya, ita da ta raini yara tara ta fi kowa sani. Ba wanda ya taɓa ƙirga nawa ne suka rayu cikin taran. Ni na ƙirga daga baya, biyar ne.

Bayan Inna ta haihu ta gama wanka, sai wani sabon abu ya ɓullo. Da zarar an kira magariba, Habu sai ya daina motsi. Yaron da yake bin bango yana zagaya gida da rana, in duhu ya fara sai ya tsaya cak inda yake, ya miƙa hannuwa yana lalube, ya yi karo da bokiti, ya taka kwano. Samarin gidan suka mayar da abin wasa, suna kiransa ta nan su koma ta can suna dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Hajiya ta ce dundumi ne, yana zuwa yana wucewa, ta sa masa kwalli. Sannan idanun suka bushe, suka daina sheƙi, ya riƙa runtse su in an fito da shi rana. Wata safiya ina wanke masa fuska na ga baƙin idonsa na hagu ya yi fari-fari, kamar an ɗiga masa koko a ciki. Na kira Inna. Ta duba, ta sake dubawa. Ta shiga ɗaki ta sa hijabi, ta ɗaura mini jaririya a baya, ta saɓi Habu a kafaɗa. Hajiya tana tambayar ina za a je, wa ya ba da izini, Inna ko waiwaye ba ta yi ba. Wannan ne karo na farko da na ga uwata ta fita daga gida ba ta tambayi kowa ba.

Muka shiga motar haya ta danfo zuwa asibiti a Ikeja, muka yi layi har bayan azahar. Wadda ta fara duba shi wata nas ce 'yar Filato, mai Hausa a hankali kamar tana zaɓen kalmomi. Ta ɗora shi a sikeli, ta ja fatar cikinsa ta saki, ta haska idon da ɗan tocila, ta tambayi tun yaushe yake zawo da abin da yake ci. Inna ta ce koko. Ta ce da me? Inna ta ce koko kawai. Sai ta tambayi aikin babansa.

"Mahauci ne," in ji Inna.

Nas ɗin ta ajiye biro. "Mahauci? Kuna samun hanta a gida?"

"Kusan kullum."

Ta daɗe tana kallon Inna. Ba ta yi mata faɗa ba, ni kuwa da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mama, maganin yaron nan yana cikin tukunyarki tun farko."

Ta yanke bakin wani ɗan jan kafso ta matse masa a baki, ta ce bitamin A ne, za a ƙara masa gobe, a sake ƙarawa bayan sati biyu. Ta nuna wa Inna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Ta yi mata bayani da misalin da har ni na gane: cikin hanji akwai wata shimfiɗa mai laushi da take tsotse abinci ta kuma tare ƙwayoyin cuta, zawo yana kankare ta, jiki kuma ba ya iya sake gina ta sai da abubuwan da ke cikin hanta da ƙwai da kifi da ganye da manja. In an hana yaro waɗannan, shimfiɗar ba ta warkewa, zawon ya dawo, ya ƙara wanke ɗan abin da ya rage, har abin ya kai ga ido. Wato duk ranar da muke cewa muna hutar da cikinsa, rami muke ƙara haƙa masa. Likita ya zo daga baya ya ce a kwantar da shi. Ya ce idon dama za a cece shi in Allah Ya so, na hagu kuwa an makara.

Kwanansu tara a asibiti. Ranar da suka dawo, Inna ba ta shiga kicin ba. Ta fito da risho tsakiyar gida, daidai ƙofar Hajiya, ta buɗe ledar Baba da hannunta ta yanki hanta, ta dafa ta da karas da alayyahu, ta murƙushe ta da bayan cokali, ta zaunar da Habu tana ba shi. Hajiya ta ce, "Za ki lalata yaron nan." Inna ta ce, "Gara ya lalace yana gani." Ba a ƙara tayar da maganar ba. Cikin wata guda zawon da ya yi kusan shekara yana wasa da ransa ya tsaya. Gashinsa ya dawo baƙi, kumatu suka fito, ya fara gudu, har ya zama in na goya shi sai bayana ya yi ciwo. Iya Tawa ta ci gaba da ba shi miyarta, yanzu a fili. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauƙin abin. Ba a sayar da komai ba, ba a je wata ƙasa ba, cokali biyu ne daga abin da ake kai wa ƙarti a baranda.

Kada ku ɗauka wani ya ce ya yi kuskure. A gidanmu abin da ya sami idon Habu sunansa ƙaddara, kuma har yau haka ake kiransa. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma na tsani yadda muke shimfiɗa ta a kan abin da hannunmu ya yi, don kada a ce tsohuwa ta yi kuskure, don kada a ce namiji bai kula ba. Da na girma na haifi nawa, na ga yadda ake yi yanzu: yaro in ya fara zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ta kwana goma, a ci gaba da ba shi nono da abinci, har a ƙara masa, ayaba da dankali da wake da ƙwai. Ranar da aka fara miƙo mini waɗannan ƙwayoyin a asibiti, 'yan mitsi-mitsi a cikin takarda, sai da na zauna a benci na yi kuka, ma'aikaciyar tana ta ba ni haƙuri tana cewa ai zawon ɗiyata bai yi nisa ba.

A sana'armu yaro in ya kai shekara goma sha biyu yakan fara bin ubansa abbatuwa. Ya fara da wankin tumbi da ɗaukar kaya, in hannunsa ya faɗa sai uban ya ba shi wuƙarsa ta kansa a gaban abokan sana'a, daga ranar ya zama mutum. Habu ya bi Baba shekara biyu. Ba ya iya auna nisan wuƙa da yatsa, sau biyu ana ɗinke masa hannu. Ran nan Baba ya dawo da shi gida da rana tsaka, ya ce Allah bai yi shi don wannan sana'a ba, wuƙar da zai ba shi kuma ya ba ɗan ƙaninsa. Ina tsaye a wurin da ya faɗi haka. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta danƙe mini hannu har sai da farcenta ya shiga fatata. Habu ya shiga ɗaki ya cire rigar aikin, ya ninke ta da kyau ya ajiye.

Yanzu gidan nan babu shi, an rushe an yi bene mai shaguna a ƙasa. Hajiya ta rasu, Baba ya tsufa ya bar zuwa abbatuwa. Wani lokaci ina kewar wurin har cikin raina: ƙarar jirgi da safe, ƙamshin burodi mai zafi daga gidan gashi na bayan layinmu, har da hannun Hajiya a kaina tana yi mini kitso tana ba ni labarin garinsu. Ta so mu, ban taɓa shakka ba, kuma wannan ne ya sa fushin ya rasa inda zai sauka. Habu yana gyaran waya a Ikeja, yana da mata da 'ya'ya biyu masu ƙiba kamar 'ya'yan turawa. In za a ɗauki hoto sai ya ɗan karkata fuska, ya saba har bai san yana yi ba. Bara da Sallah muna zaune mu biyu na tambaye shi ko abin yana damunsa, ko yana jin haushin wani. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni ban san yadda ake gani da biyu ba, kewar me zan yi?"

Shi bai sani ba. Ni kuwa na san shi da idanunsa biyu.